Fuskar da Ammar Ya Wanke

"Wagga wace ce?" Hassana ta tambaya, tana riƙe da wayar mijinta.

Ammar ya yi dariya. "Ke ce mana, sheri, masoyiyata. Hoton da na ɗauke ki ranar Salla. Dubi yadda mutane ke ta yabo..."

Ta sake dubawa. Atamfarta ce, 'yan kunnenta ne, amma matar fara ce sol, hancinta siriri, kumatunta sumul. Tsagar gidansu da ke gefen idanunta ta ɓace.

"Ina tsagata?"

"Na ɗan share ta ne. Sana'ata ce fa. Duk amaryar da ta zo shagona haka nake yi mata, in ƙara haske, in gyara fata. In ba haka ba, wa zai tsaya kallo a Fesbuk?"

"Ni ba shagonka na zo ba, Ammar. Gidanka na zo."

Ya ce ta cika ɗaukar abu da zafi, ya karɓi wayarsa ya fita.

A rugarsu ta kusa da Urafane ya fara ganinta, ranar da ya je ɗaukar hotunan wani biki. Ya yi ta zarya a kan moto, babur ɗinsa, har mahaifinta, Baffa Bawa, ya haƙura ya ba shi ita. Ya kawo ta Tasawa, inda ba ta san kowa ba. Wuni take ita kaɗai a tsakar gida, ba kukan saniya, ba muryar Inna. In ya dawo, hannu ɗaya a tuwo, ɗaya a waya.

Da can ba ta damu ba. Amma yanzu ta san wadda yake kallo. Sai ta zauna gefe tana ganin yadda yake yi wa matar cikin hoton murmushin da ya daɗe bai yi mata ba.

Yayanta Halilu ne ya ga hoton ranar kasuwa, ya kai wa Baffa. Tsohon ya daɗe yana kallo, bai gane ɗiyarsa ba. Washegari ya aiko a zo da ita.

"Wanda ya ji kunyar fuskarki, mu ya ji wa kunya," in ji Baffa. "Ki zauna nan. In ya kira, kar ki ɗauka."

"To, Baffa."

Ta zauna. Ta koma tatsa da daka kamar da, sai dai rugar ma ta zame mata baƙon wuri. Ƙawayenta duk sun yi aure sun watse. Da la'asar takan hau tudun da ake samun rezo, inda waya ke kamawa, ta tsaya har wayar ta yi ƙara. Ta kalli sunansa, ta bar shi ya katse, ta sauko tana share ido da bakin gyale. Haushinsa take ji, kewarsa kuma ta hana ta cin abinci.

Ana tsakiyar girbin gero Ammar ya zo. Ya rame, rigarsa duk ƙura. Ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Baffa.

"Na yi kuskure, Baffa. Na cire hoton tun tuni."

Baffa bai ɗago daga igiyar da yake tufkawa ba. "Ba ni ka share ba, yaro. Ga ta can bakin rijiya."

Hassana ta ji takunsa, ba ta juyo ba.

"Hassana... gidan ya yi mani faɗi. Wallahi ko shago ba na iya zama."

"Ai ba kai kaɗai ba ne. Kana da farar matarka."

"Don Allah, masoyiyata. So na yi a ga aikina a yaba. Ban yi tunanin..."

"Ka san abin da ya fi yi mani ciwo? Da na gan ta, ni ma sai da na ce ta fi ni kyau. Kwana da kwanaki na kasa duba madubi."

Ya sunkuyar da kai.

Ta ajiye gugan, ta juyo ta dube shi sosai. "Ciki gare ni, Ammar. In na haifi ɗiya baƙa kamata, ita ma wanke ta za ka yi kafin ka nuna wa mutane?"

Ya zauna a kan kwamin shayar da shanu, ya rufe fuska da hannuwansa, yana kuka. Ba ta taɓa ganin kukansa ba.

"Allah ya sa ta biyo ki," ya ce da ƙyar. "Komi da komi."

Sannan ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta miƙa masa.

"Wanke fuskarka. Ka je ka faɗa wa Baffa haka da bakinka. In ya yarda, to."

Ya tashi ya nufi inuwar da tsohon yake. Ita kuma ta ɗauki tulunta ta shiga bukka. Ta tarar Inna ta riga ta ɗaure mata kayanta.