Dinarin Inna Sauda

Cikin daminar 1958 wata tsohuwa, Inna Sauda, ta tako daga Kurfi har caji ofis na Dutsin-Ma. Ta ajiye sarƙar murjani gaban Sufeto Audi.

"An cire mini dinarin tsakiya," in ji ta. "Na kakar kakata ne. Ayari ya zo da shi ta Agadas. Ilu maƙeri nake zargi, don shi kaɗai ya taɓa gyara shi."

Sufeto ya jujjuya sarƙar. Ba a tsinka zaren ba. Kwance shi aka yi a natse, aka mayar da kowane dutse wurinsa.

"Wa ke shiga ɗakinki, Inna?"

"Daga ni sai ɗana, Malam Dalhatu na makarantar elementare."

Malam Dalhatu ya tarbi Sufeto a zauren gidansu a Kurfi, cikin farin kaftani, da alƙalami a aljihu.

"Rabona da ganin abin nan tun ina yaro," in ji shi. "Kayan mata ne, ranka ya daɗe."

Aka kama Ilu. Kwana biyu yana tsare yana cewa bai san komai ba, sai da 'yan doka suka zazzage gwangwanin maƙerarsa suka sami ɗan ƙaramin zoben zinari.

"Mene ne wannan?" in ji Sufeto.

Ilu ya sunkuya. "Kunnen dinarin ne, inda ake zura zare. Kawo mini aka yi in cire."

"Wa ya kawo?"

"Ya sa na dafa Alƙur'ani. Ko yanka ni za ku yi ba zan faɗa ba."

Sufeto ya daɗe yana kallon zoben. Mace ba za ta so dinari babu kunne ba. Ɓarawo kuwa narkewa zai yi. Mai cire kunne, dinarin zalla yake so, yadda aka buga shi.

Washegari da hantsi ya isa makarantar, ya tarar an tashi hutun tara. A bangon aji huɗu, ajin Malam Dalhatu, an liƙa wata takarda da aka ɗora bisa wani kuɗi aka goga fensir, rubutun Larabci ya fito gaba da baya. Babu alamar kunne.

"Malam, karanta mini wannan."

Dalhatu ya dubi takardar. "Kalmar shahada ce. Dinarin sarakunan Murabiɗuna ne, an buga shi a Sijilmasa ta ƙasar Maroko shekara ɗari takwas da suka wuce. Zinarin ma daga ƙasashenmu na baƙar fata aka haura da shi Sahara, ya dawo mana a raƙumi."

"Ka san shi ƙwarai, ga wanda bai gan shi ba tun yana yaro."

Malam ya zauna bisa bencin ɗalibai.

"Wani Bature mai zagayen makarantu na ba labarinsa. Ya ce yana tara irinsu. Ya kuma ce zai sa sunana cikin masu tafiya kwas Ingila."

"Ina dinarin?"

"Baturen ya hau jirgin ruwa da shi makon jiya. Ya bar aiki ke nan. Sunayen sun fito. Babu nawa."

"Kana ji aka rufe Ilu, yana riƙe maka rantsuwa."

Dalhatu ya rufe fuska da hula.

Da aka fito da shi sai ga Inna Sauda bakin ƙofar makarantar, labari ya riga ya kai mata.

"Inna, ki yafe mini," in ji shi, bai ɗago ba.

Ba ta dube shi ba. Sufeto ta fuskanta.

"Ɗan nan, a ina kuka ajiye Ilu? Kai ni. Shi zan fara durƙusa wa."

Suka kama hanyar Dutsin-Ma, Dalhatu a gaba tsakanin 'yan doka biyu, uwarsa a baya ta ja mayafi har hanci.