Kiɗan da Tamba Bai Ƙarasa Ba

Shekara tara ke nan da Tamba ya tuba da kiɗan bori. Ana tsakiyar wasa ya jefa gangarsa gulbi, bai buga kiɗan sallama mai mayar da iskoki gida ba.

Ran nan da magariba, yana dawowa daga fadamar Augie, wata tsohuwa ta tare shi. Rani ne, amma zanenta na ɗigar ruwa, tana warin jiƙaƙƙiyar fata.

"Inna, ba ni hanya, masallaci za ni."

"Kai ka kira mu, ɗana, har yau muna tsaye. Sallame mu, ko mu sauka kan ɗiyarka."

"Na rantse ba ni ƙara kiɗa."

Ta dubi hannuwansa. Ashe tafukansa na bugun cinyoyinsa, daidai daga inda ya yanke kiɗan.