Albarkar Alhaji Nata'ala

“Me Baba ya ce maka? Faɗa mini kalmar!”

Hureira ta riƙe ƙyauren shagon atamfar mahaifinta.

“Albarka ya ce, masoyiyata! Ya sa mana albarka!” Dabo ya amsa yana murmushi.

Sai ta fashe da kuka.

Dabo ɗan unguwar Kokoro ne, amma yaren Sango ya tashi da shi, Faransanci kuma ya yi karatu da shi har ya sami digiri a Faransa. Hausarsa ta gaisuwa ce kawai. Ya dawo kasuwar Kilomita Biyar yana bincike don babban digiri, a kan abin da ke sa mace ta zaɓi wannan zane ta bar wancan. Shekara biyu yana zama bakin shagon mahaifin Hureira, Alhaji Nata'ala da littafinsa. A nan idonsa ya faɗa kan Hureira. Yau ya nemi aurenta wajen Alhaji.

“Wayyo Dabo... shekara biyu kana rubuta ciniki, ba ka san albarka ba? Ita ce kalmar da mai kaya ke faɗa in ya ƙi tayi!”

Murmushin ya ɓace.

“Ya ƙi ni? Me na yi?”

“Nasidi ne, wanda na ƙi aurensa. Ya bi gida-gida yana cewa littafinka na kwamandan sojojin Faransa ne, sunayen mata kake kai masa. Kwana tara babu macen da ta tako shagon nan. Baba ko abinci ba ya ci.”

“To bari in koma Faransa...”

“Ka koma? Ni fa?” Ta share hawaye da gefen mayafi. “Wanda ke son kaya ba ya tafiya. Ƙari yake yi!”

Bayan la'asar Dabo ya durƙusa gaban Alhaji, ya ajiye littafin kusa da kaskon shayi.

“Baba, na ƙara. Babu sunan kowa a ciki. Ba ni da wani kwafi. In ba ka yarda ba, ga wuta.”

Alhaji ya ɗauki littafin, ya kai shi saitin garwashi. Hureira ta toshe baki a bayan labule. Gefen bangon littafin ya fara baƙi.

Dabo ya runtse ido, bai miƙa hannu ba.

Alhaji ya janye littafin, ya kaɗe tokar.

“Da ɗan leƙen asiri ne, da tuni ya fizge. Gobe za ka tsaya a bakin shagon nan, ka karanta wa mata shi da Sango, su ji da kunnensu.”

“Zan karanta, Baba. Hureira fa?”

Alhaji ya dubi labulen.

“Na sallama.”

Dabo ya juya wajen labulen a tsorace.

“Hureira... wannan kuma ƙi ne ko yarda?”

Dariya da kuka suka haɗe mata.

“Tashi ka yi godiya, malamin kasuwa!”