Ɗan Farin Marjan

Ga ta nan, ga ta nan ku!

Ta zo, mun baza kunne.

A wani ƙauye da ke gindin duwatsun Alatau akwai wani dattijo mai gonar tuffa, sunansa Serikbai. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza sun watsu neman na kansu, babbar 'yarsa Marjan kuwa tana aure a birnin Almati. Mutum ne mai barkwanci, ko akuya ya samu sai ya tsokane ta.

Wata rana da hantsi, lokacin tsinkar tuffa, yana kan tsani sai ya ji an turo ƙyauren gida da ƙarfi. Ya leƙo ta cikin ganye ya ga Marjan, jaka a hannu, ɗanta Aibar a kafaɗa, idanunta sun yi jajir.

"Lale, lale! Yau 'yan birni ne a gidanmu?" Ya sauko yana goge hannu a riga. "Ina direban naku? Ko yana waje yana neman wa mota inuwa?"

"Tasi na hau, Baba."

Ya dube ta, ya dubi jakar. Jaka ce babba, ba ta mai kwana ɗaya ba. Ya karɓi jikansa ya ɗaga shi sama. "Kai, wannan ƙato! Me ake ba ka a birni, siminti?"

Ya yi shimfiɗa a inuwar bishiya, ya kawo baursak, wato soyayyen fanken fulawa, da man shanu da zuma, ya zuba mata shayi da madara ɗan kaɗan a gindin kofi, yadda ake yi wa baƙon da ake so ya daɗe. Marjan ba ta ko kalli kofin ba.

"Baba, na dawo gida. Ba zan koma ba!"

"To, madalla. Da ma ina neman mai taya ni tsinkar tuffa. Sha shayi tukuna, kuka da yunwa ba ya fita da kyau."

Ta so ta yi dariya, kukan ya riga ta. Cikin shessheka ta ba shi labari. Jiya uwar mijinta, Kulash, ta zo musu daga ƙauye da tsaraba niƙi-niƙi. Aka ci aka sha. Sai tsohuwa ta ɗora Aibar a cinya ta ce, da zarar an yaye shi za ta zo ta ɗauki abinta, tun da ɗan fari na kaka ne, haka aka gada.

"Shi mijin naki, Dauren, me ya ce?"

"Ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi! Ko uffan, Baba! Mutumin da ya riƙa zuwa kemis ɗinmu cikin ƙanƙara yana sayen maganin tari alhali ba ya tari, don kawai ya gan ni! Yau za a raba ni da ɗana, shi yana juya cokali!"

"Kin tambaye shi dalili?"

"Me zan tambaya? Ai shirunsa ya ba ni amsa. Da safe ya kai tsohuwar asibitin ido, ni kuma na haɗa kayana. Wayar ma na kashe."

"Ke dai 'yar uwarki ce sak," in ji Serikbai. "Ita ma, Allah ya jiƙanta, takan yanke hukunci, ta zartar, sannan ta kira shaidu."

Ya gutsuri baursak ya dangwala a zuma, ya sa wa Aibar a leɓe. Yaro ya hau lashe-lashe yana ƙyalƙyala dariya.

"Kin san ni ma ɗan kaka ne."

"Na sani. Shi ya sa ka lalace da son zaƙi."

"Ƙwarai kuwa! Sarauta na yi a ɗakin kakata. Ba mai taɓa ni. In na fasa kwano, ƙannena ake duka. Ita nake kira Inna. Wadda ta haife ni kuwa Yaya Bibi nake ce mata, kamar wata matar wa. In ta miƙo mini abu a gaban mutane, sai kakata ta ce, 'Ke, kula da naki 'ya'yan, wannan autana ne.' Sai ta yi murmushi ta janye hannu. Na girma, kakata ta rasu, na yi aure, gemu ya fito, bakina dai bai sauya ba. Yaya Bibi, Yaya Bibi."

Ya nuna wata tsohuwar bishiya a ƙarshen gona.

"Kin ga waccan? Kina goye a lokacin. Yaya Bibi ta riga ta ɗinka miki bargo, ta gyara miki wuri a ɗakinta, tana jiran a yaye ki ta ɗauka. Uwarki kullum kuka, ni kuma ina juya cokali a kofi."

"Baba! Kai ma?"

"Ni ma. Cokalin gado ne a wurin maza. To, ran nan ina can ƙololuwar bishiyar sai reshe ya karye. Na taho ƙasa tim! Ban san lokacin da na kurma ihu ba: 'Wayyo Inna!' Yaya Bibi na tatsar saniya, ta yi jifa da bokiti, ta sheƙo a guje ba takalmi. Na ɗauka ƙafata za ta duba. Ina! Sai ta tsaya a kaina tana haki ta ce, 'Me ka ce?' Na ce, 'Ƙafata ta karye!' Ta ce, 'Ƙafa za ta ɗoru. Me ka ce kafin nan? Sake faɗi!'"

Marjan ta rufe baki da hannu, hawaye na zuba, dariya na cin ta.

"Wallahi sai da na maimaita kafin ta bari a kira maɗori. Washegari ta sa aka yanka rago. Maƙwabta suka ce Bibi ta zare, ɗanta ya karye tana walima. Da aka yaye ki, uwarki ta kai ki ɗakin kakarki. Tsohuwa ta naɗe ki a bargon nan ta mayar mata, ta ce, 'Riƙe abinki. Ni na samu nawa.'"

Iska ta kaɗa, tuffa ɗaya ta faɗo kusa da shimfiɗa. Serikbai ya ɗauka ya goge, ya miƙa wa 'yarsa.

"Yanzu faɗa mini, me mijinki yake kiran Kulash?"

"Anti Kulash mana. Ai shi ma kakarsa ce ta..." Sai ta tsaya cak. Sau nawa ta yi masa dariya a kan wannan Anti? Sau nawa ta ga tsohuwar ta kau da kai in ya faɗa, ita kuwa ta ɗauka halin tsufa ne?

"Ba cewa nake ki ba da ɗanki ba," in ji uban a hankali. "Aibar naki ne, a hannunki zai girma, in ana gardama ni ne a gaba. Amma matar nan ta ba da nata ba ta yi musu ba, ta zauna tana jiran ranar da layi zai zo kanta. In kika fizge ki bar ta hannu wofi, kin ci nasara, amma gidanki ba zai ƙara yin daɗi ba. Mijinki kuma, ba kowane shiru ne yarda ba. Wani shirun tsoro ne, wani kunya. Ba ki sani sai kin tambaya. Ni da uwarki duk faɗanmu ba mu taɓa ɓatawa a kan abin da aka faɗa ba, sai a kan abin da kowa ya ƙudurce a ciki."

Marjan ta share fuska. "Wato in sa Dauren ya faɗo daga bishiya ke nan?"

"In ya kira ta Inna ta daɗi, shi ke nan. In ya ƙi, tsani na nan."

Ta kunna waya. Ko ajiye ta ba ta yi ba kira ya shigo. Dauren ne: suna hanya shi da tsohuwa, sun ma wuce garin Talgar, sun kusa.

Bayan azahar mota ta tsaya a ƙofa. Kulash ta fito da farin ɗankwali, fuska a murtuke, Dauren na biye da ita kamar wanda aka kama da sata. Serikbai ya tare su hannu bibbiyu.

"Maraba da surukata! Kin ƙara yarinta. Likitan idon nan ya gyara ki, ko ni ne idona ya lalace?"

"Bar zolaya, Serikbai. 'Yarka ta gudu da jikana."

"Jikanmu dai. Shigo, shayi ya yi zafi, shari'a kuma ba a yin ta a tsaye."

Yayin da tsofaffi ke gaisawa, Marjan ta ja hannun mijinta zuwa cikin gona. Suna ɓacewa ya fara magana kamar an ɓalle famfo.

"Marjan, wallahi ban yarda ba! Na kira ki har batir ya kusa mutuwa. Na san yadda abin yake, ba na so Aibar ya tashi kamarni. Amma ta yaya zan dubi idon Anti Kulash in ce a'a? Ita ba ta ce a'a ba da aka ɗauke ni."

"Da ka gaya mini haka jiya."

"Da kin tambaye ni jiya."

Suka dubi juna, kowa ya sunkuyar da kai. Sannan ta ba shi labarin reshen da ya karye. Kunnuwan Dauren suka yi ja.

"Ba zan iya ba. Bakina bai saba ba. Ƙato da ni, yau ɗaya?"

"Ga tsani can," in ji Marjan. "Baba ya ce aro kyauta ne."

Suka dawo shimfiɗa. Marjan ta durƙusa gaban surukarta, ta zuba mata shayi, ta miƙa da hannu biyu. "Ki yafe mini, na fita ban yi sallama ba. Tsoro ne ya kore ni, ba raini ba."

Kulash ta karɓa. Aibar na cinyarta yana jan bakin ɗankwalinta. Dauren ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya kai hannu zai ɗauki cokali. Serikbai ya yi wuf ya ɗauke cokalin ya sa a aljihu.

"An... An..." Dauren ya haɗiye yawu. "Inna."

Kofi ya tsaya a hannun tsohuwa. Ta waiwaya baya, kamar da wata ake.

"Inna, da ke nake. Ki bar mana Aibar. Ba na so ya girma yana kiran uwarsa Anti. Ni na yi, kuma na san akwai wadda abin ke ci."

Kulash ta dube shi. Ta ajiye kofi a hankali, ta miƙa wa Marjan yaro, sai ta kama gefen ɗankwalinta ta shiga bugun ɗanta da shi a kafaɗa, tana kuka tana dariya.

"Ja'iri! Marar kirki! Tun kana rarrafe nake jira. In an shanya rigunanka a gidan kakarka, sai in bi ta wajen da bokiti kamar zan ɗebo ruwa, don in shinshina su. Sai yau ka ga dama, a gidan mutane, gaban wannan tsoho mai washe baki!"

"Ni ban ga komai ba," in ji Serikbai, yana share ido da hannun riga. "Hayaƙin shayi ne."

Dauren ya kifa kai a cinyarta, ƙato da shi, ta riƙa shafa gashinsa kamar jariri. Da ta natsu ta dubi Marjan.

"Ke kuma, sarkin gudu, riƙe ɗanki. Ni bayana ma ba zai iya goyo ba, bakina ne kawai ke da ƙarfi. Amma ki ji: duk bazara ku kawo mini shi ya sha iskar dutse, ya ga dawaki. Kuma ranar da ya fara tafiya aka ɗaura masa zare a ƙafa bisa al'ada, ni zan yanke."

"A'a, a nan kam ban yarda ba!" Serikbai ya zabura. "Yaro tafiyar mai yanke masa zare yake ɗauka. So kike jikana ya riƙa tafiya kamar agwagwa?"

"Gara agwagwa da mai faɗowa daga bishiya! Ka ɗauka ba mu da labari? Har ƙauyenmu aka kawo naman ragon!"

Gida ya kaure da dariya, har Aibar da bai san kan zance ba ya taya su da tafi. Aka ɗora tukunyar nama, aka ci aka ƙoshi. Da yamma ta yi, Dauren ya ɗauki babbar jakar nan ya sa a bayan mota, Serikbai ya cike sauran wurin da tuffa har murfi ya ƙi rufuwa. Marjan ta rungume ubanta ta ce a kunnensa, "Na gode, Baba."

"Je ki gidanki," ya ce. "In kika sake yin yaji, ki zo lokacin haƙar dankali, a nan ne nake rasa mataimaki."

To, 'yan mata da samari, kun dai ji. Wanda ya zo zai karɓe muku abu, ku yi haƙuri ku duba me aka taɓa karɓe masa, sau da yawa ba abin hannunku yake nema ba. Kuma mata da miji, kada ɗaya ya fassara shirun ɗaya alhali ga baki ga kunne. Marjan ta saurari ubanta, ta tsira da ɗanta, ta tsira da mijinta, ta kuma samu uwa a gidan aure.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Ba don gizo na jirana a gindin tuffa ba, da na ƙara muku.