Bakin da Ba a Ɗora wa Murya Ba

Ruwa ya ɗauke da la'asar sakaliya, Ningrum ta hau acaɓa zuwa tsohon situdiyo. Abu ɗaya ya fito da ita, tana son ta sake jin muryar mijinta.

Ita da mijin nata, marigayi Gunarto, sana'arsu ɗaya, ɗora murya a katun. Shekara da shekaru suka yi suna aikin shirin barkwancin nan, Unguwar Bayan Kasuwa, ita ce mai fate sarkin tsiwa, shi kuwa duk wanda aka rasa mai yi. Ciwon maƙogwaro ya rufe masa baki tun kafin ya yi ajalinsa. Wayar da ke ɗauke da saƙonninsa ambaliya ta cinye ta. Kamfanin da ya sayi shirin kuma ya sa wani sabon hannu ya sake ɗora duk muryoyinsa, wai tsohon sautin ya yi dishi-dishi.

Kashi ɗaya ne ba a taɓa ba, don tuni an cire shi daga jerin. Duk manhajar kallon da ka buɗe a Jakarta, daga na sha takwas sai ka ga na ashirin. An ce malamai da iyaye ne suka yi ca a kan na sha tara, don an yi wa gawa izgili. Ningrum ba ta damu da mai gaskiya a rigimar ba. Abin da ya dame ta shi ne, kwanakin nan in ta so tuna yadda Gunarto ke kiran sunanta, muryar sabon hannun ce ke zuwa mata.

Situdiyon na saman wani shagon kayan babur da aka daɗe da rufewa. Matakala na warin danshi da taba mai kanumfari. Pak Kasiman, tsohon mai haɗa sauti, yana zaune cikin na'urorinsa da singileti. Kamar yadda ake girmama mutum a garin, tana ce masa Pak, yana ce mata Mbak.

“Mbak Ningrum! Ashe kina raye? Na ce ko an yi arziki an manta talakawa.”

“Wane arziki, Pak? Tallan maganin basir nake yi a rediyo.”

“Shi ya sa na ji garin nan kowa ya warke.”

Ya yi dariya har da tari. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana murza tabarsa a cikin faranti.

“Malamai sun yi surutunsu, kamfani ya fake da su,” ya ce a hankali. “Amma ni na roƙa a cire shi.”

“Don me?”

“Ƙarshensa ya fi abin da aka zana tsawo.”

Daga masallatan unguwar aka fara kiran magariba, wani na bin wani.

“Bari a yi salla tukuna. Ba a buɗe irin wannan da almuru.”

“Hadari ya sake haɗowa, Pak. In layinmu ya cika, da me zan koma, da kwale-kwale? Sau ɗaya kawai zan ji. Don Allah.”

Ya dube ta, ya dubi ƙasa. Shi ya yi wa gawar Gunarto wanka, ba ya iya hana ta.

“Hedifon ɗin ɗakin ɗauka ne kaɗai ke aiki, sai ki shiga can. Ga wayar makirfo na zare, kin gani da idonki. Amma Mbak, ki kama bakinki. Ko tari ban yarda ba.”

“Ni za ka koya wa shiru a ɗakin ɗauka?”

“Na san halinku ne. Ba ku iya ganin baki na motsi a banza.”

Gaskiyarsa. Bakin katun siffa uku gare shi, buɗe, rufe, da kewaye. Wanda ya daɗe a aikin ba ya ma tunani, ido na gani harshe na cikewa. Ningrum ko talabijin aka kashe wa sauti a asibiti, sai ta kama kanta tana yi wa mai labarai magana.

Ta shiga, ta ja ƙofar mai nauyi. Kiran salla ya yanke kamar an sa almakashi. Ta gilashi tana ganin Pak Kasiman yana sa kaset.

Kiɗan shirin ya tashi. Ga kasuwa, ga mai fate tana zagin masu saye da muryar Ningrum ta ƙuruciya, tas da ita. Ta tuna labarin. An binne wani mutum an manta ba a kwance ƙullin likkafaninsa ba, ya fito yana tsalle gida-gida yana roƙon a kwance shi, kowa na gudu yana faɗawa kwata. Gunarto ne mamacin. Ranar da suka ɗauka sun yi dariya har cikinsu ya ƙulle.

Ga shi nan ya ɓullo ta bayan rumfa, fari fat, yana tsalle.

Ta danne hedifon da hannu biyu.

Bakinsa ya buɗe. Babu komai. Sai huci siriri, irin na kaset da ba a ɗauki kome a kai ba.

Mai fate ta ba shi amsa, aka saki dariyar 'yan kallo da aka naɗa. Ya sake buɗe baki. Huci. Duk inda Gunarto ya kamata ya yi magana, rami ne. Ta ɗaga ido. Pak Kasiman na juya maɓallai, goshinsa na naso. Shi ma bai san muryar ta ɓace ba.

Kiɗan rufewa ya zo, sunaye suka wuce. Hoton bai ɗauke ba.

Kasuwar ta zama wayam. Mamacin na tsaye a tsakiya, ya daina tsalle. A hankali ya juyo, juyawa mai santsi wadda masu zanen shirin ba su taɓa iya yi ba.

Ɗakin ya ɗauki warin kafur da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Bakin ya motsa. Buɗe, rufe, buɗe. Ya tsaya. Ya sake. Buɗe, rufe, buɗe. Gaɓa uku. Ta cije leɓe. Ta ji harshenta na ƙirgawa da kansa, yana neman abin da zai dace, yadda ya saba tun tana budurwa.

Pak Kasiman na dukan gilashi da tafin hannu. Ba ta jin kome.

Buɗe, rufe, buɗe.

“Na ba ka,” ta ce.

Furucin ya zauna daram a kan bakin, ko ɗigo bai kauce ba.

Jar fitilar ɗauka ta kama. Wayar makirfon na nan yashe a ƙasa.

Mamacin ya gyara tsayuwa. Bakinsa ya motsa, wannan karon da sauti, cikin kunnuwanta biyu. Muryarta ce.

“Madalla. Muryar mijinki ta ƙare tuni.”

Ta fizge hedifon. Ta tura ƙofa, ƙofa ta ƙi. Ta kurma ihu iya ƙarfinta, maƙogwaronta ya yi zafi, ba abin da ya fito.

A allon, ƙullin saman kansa ya cika hoton. Yana matsowa.

Wani abu ya diro bayanta. Ƙafa biyu, a ɗaure.

Ya sake dirowa.

Wuta ta ɗauke. Pak Kasiman ne ya kashe babban makunni. Ƙofa ta buɗe, ya cafki hannunta, suka gangara matakala suna karo da bango, takalminta ɗaya ya zauna a can.

A titi yayyafi ake yi. Mai suyar ayaba na juya kaskonsa, mutane na fitowa daga masallaci. Ningrum ta jingina da bango tana haki, bakinta a rufe.

Sai ga ihun nan ya iso. Layin gaba ɗaya ya waiwayo.

Tun daga ranar muryarta ke zuwa a makare. Da fari, in ban da ihun nan, tazarar numfashi ɗaya ce, ta motsa baki, can sai a ji. Gidan rediyo suka sallame ta cikin ladabi. Likita ya leƙa maƙogwaro ya ce lafiya ƙalau. An yi ruƙiyya, an sha rubutu. Pak Kasiman ya ƙone kaset ɗin, ya zo ya durƙusa a ƙofarta yana kuka, ta ce masa ba laifinsa ba ne, amma ya kai gida kafin maganar ta fito.

Tazarar ta yi ta faɗaɗa. Ta gaida maƙwabciya da safe, gaisuwar ta sauka da azahar a ɗakin da ba kowa sai ita. Daga baya ta koma kwanaki, sannan makonni. Muryar Gunarto kuwa ko inuwarta ba ta ƙara samu ba.

Daga ƙarshe ta daina magana kwata-kwata, ta zauna tana sauraron tsofaffin kalamanta suna isowa ɗaya bayan ɗaya, tana jira su ƙare. Ta san abu na ƙarshe da ta faɗa, cewa ta yi mai kawo gas ya ajiye tukunyar a bakin ƙofa.

Wannan ya iso ranar Laraba da hantsi.

Ranar Alhamis aka ci gaba da magana, da muryarta, kalaman da ba ta taɓa faɗa ba.