Jirgi Na Ba Shi, Ba Jinina Ba

Manar na zuba wa mahaifinta gahawa a falonsu na Makka ta ambaci sunan Marwan, ta ce shi take so ta aura. Alhaji Abdulilah ya ajiye kofin bai kurɓa ba.

Jiragen ruwa gare shi a Jidda, masu kwaso raguna daga Sudan, amma ba da su yake taƙama ba. Jikan sarki ne. Kakansa ya baro ƙasar Hausa da bayinsa ya yo gabas, kuma har yau a bakin Alhaji kamar jiya suka sauka. Shi kuwa Marwan, kyaftin a kamfanin Alhaji, jikan ɗaya daga bayin nan ne. Uwarsa masar sayarwa take soyawa a unguwar Mansur.

"Kakansa shi ke ɗaukar takalmin kakana," in ji Alhaji. "Halas, magana ta ƙare, kar in ƙara ji."

"Baba, kai fa ka ce ba ka da kyaftin kamarsa."

"Jirgi na ba shi, ba jinina ba."

Ita kaɗai Allah ya ba shi, ba wa ba ƙani, don haka ya ce sai ɗan sarauta. Ya mayar da Marwan jirgin da ke zuwa nesa, wai ruwa zai wanke soyayya. Ruwa bai wanke komai ba.

Goggonta Shatu ta ce ta kai ƙara, alƙali na iya karɓe walicci daga uban da ya hana 'yarsa aure. Manar ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta ce ba za ta tsaya da ubanta a kotu ba, ba kuma za ta auri wani ba. 'Ya'yan manya suka yi ta zuwa suna cin dabino suna komawa. Ƙawayenta suka yi aure, suka haihu, wasu har suka aurar. Alhaji dai sai ƙara jirage yake yi.

Sai da ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, ya ga dangi sun fara rabon jirage da ido tun yana numfashi, sannan ya ce a kira Marwan. Ya zo da furfura a gemu. Aka ɗaura aure a falon nan, ba kiɗa ba guɗa.

Alhaji ya kamo hannun 'yarsa. "To, na ba ku. Ku hanzarta ku ba ni jika namiji, mai gadon gidan nan."

Manar ta gyara masa matashi, hawaye na zuba.

"Baba, likita ta gaya mini tun bara. Lokacin haihuwata ya wuce."

Haƙuri ya ba Manar mijinta, sun kuma zauna lafiya har tsufa. Amma duk uban da ya fifita asali a kan hali ya dubi Alhaji Abdulilah: ya yi ta gadin jininsa har ya rasa wanda zai gaje shi.