Jar Wayar Kawu Tanimu

Ku matso kusa. Sailuba, haɗiye dariyar nan. Ɗazu na ji ku kuna kwaikwayon kiran sallar Kawu Tanimu, wai muryarsa kamar ana jan buhu a ƙasa. Raina ya ɓaci. Yau za ku ji inda sauran muryar ta tafi.

A da, in Kawu ya kira asuba, har bayan gari ana ji, ba lasifika. Sana'arsa kuwa haɗa kayan kallo. Duk wanda ya sayo bidiyo da talabijin, shi ake kira. Wayoyi uku ne. Rawaya ta hoto, fara da ja na sauti. Kuma yana da al'ada. Kafin ya gama haɗa waya, sai ya ce maigida ya taɓa bakinta da yatsa. In mutum ya taɓa, sifika na yin ƙugi, zuuu. Da haka yake sanin waya na da kyau.

Wata rana, rana tsaka, wani dogon mutum ya tsaya ƙofar shagonsa.

"Malam, muna da hoto. Ba mu da murya."

Kawu ya ɗauki jaka ya bi shi. Hanyar bayan tsohuwar majema suka bi, wadda ko awaki ba sa bi. Leɓen mutumin sai ya gama motsi, sannan maganar ta fito. Kuma kowace magana da muryarta. Yanzu ta tsoho, anjima ta mace.

Me ka ce, Mudi? Ya gudu? Kawu? Cewa ya yi mura ke damun bawan Allah.

Da suka isa wani ɗaki, Kawu ya yi sallama ya shiga. Ba wanda ya amsa. Ɗakin sanyi kamar cikin randa. Mutane zaune kan tabarma, sun juya masa baya. Ya zagaya bayan talabijin ya tsuguna. An riga an sa rawaya. Yana sauri kada la'asar ta same shi a can, sai ya soka fara, bai gwada ba.

Nan take maƙogwaronsa ya bushe, kamar ya haɗiyi toka. Sifika ta yi magana, siririya: "Salamu alaikum."

Sallamar da ya yi ɗazu ce. Muryarsa ce.

Bai nuna komai ba. Ya sa baki ɗaya na jar a jikin talabijin, ya miƙa wa dogon ɗayan.

"Maigida, taɓa nan."

Mutumin ya taɓa. Shiru.

Kawu ya taɓa da nasa yatsan. Zuuu.

Ya dubi ƙasa. Ga wayar wutar talabijin ɗin yashe a turɓaya, ba a jona ta da komai ba. Amma talabijin na ci.

"Saura ka ƙarasa jona jar," in ji dogon. Da muryar Kawu ya faɗa.

"Ba na sawa."

"Ka fara aiki, Malam. Ba a barin aiki rabi."

"Wannan a gidan 'yan Adam ke nan."

Ya ja farar don ya cire. Ta ƙi, kamar ta yi saiwa. Sai na kan tabarma suka juyo gaba ɗaya. Sailuba, riƙe hannun Mudi. Ido akwai, hanci akwai. Inda baki ya kamata ya kasance, fata ce sumul.

"Muna da yawa," in ji dogon. "Muryoyin da muka samu ba sa isar mu. Irin taka muka daɗe muna nema. Sa, ka tafi lafiya."

Kawu da bakinsa ya gaya min. Tsoro ya ji, bai ɓoye ba. Amma kun san shi, ba a sa shi, ba a hana shi.

"Wadda kuka sata, Allah ya isa. Wadda ta rage, da ita zan kira la'asar."

"Ba za ka fita ba."

"Mu gani."

Ya zaro filaya daga jaka. Ƙat! Ya datse jar. Ya ja A'uzu da 'yar muryar da ta rage, ya nufi ƙofa. Bai yi gudu ba. Ya ce ba zai ba su wannan daɗin ba.

Sai ga shi tsaye cikin rana, tsakanin busassun ramukan jima. Ba ɗaki, ba kowa. Guntun jar waya a hannunsa.

Ranar ya kira la'asar. Da ƙyar maƙwabta suka ji. Dattawa suka ce ya huta, a ba wani. Ya ce sai dai in gawarsa za su ɗauke daga wurin. Guntun wayar yana nan a aljihunsa har gobe. Na taɓa ta, ɗumi gare ta.

Ku saurara da kyau. Kada wanda ya bi hanyar majema shi kaɗai. In kuma kuka ji Kawu na kiran sunanku daga can, da murya garau mai daɗi, kada ku amsa, kada ku waiwaya. Kawunku na gaske shi ne mai dusasshiyar muryar da kuke yi wa dariya.